Teizo da Allon da Ba Ya Tausayi

Shiozawa Teizo ya yi shekara talatin da takwas yana aiki a ofishin tarho na garin Iida, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa jin ya yaba aikin da bai yi kyau ba. A wurinsa waya ko ta haɗu ko ba ta haɗu ba, babu tsaka-tsaki. In ma'aikaci ya yi ɗauri sako-sako, Teizo ba ya faɗa, sai ya sa almakashi ya datse, ya miƙa masa bakin wayar ya wuce. Ana cewa yana da wuyar sha'ani, amma layin da ya bi ta hannunsa ba a sake komawa kansa. Ya ajiye aiki a shekarar 1983, yana ɗan shekara sittin, ya zauna a gidansa na gangaren kogi shi da matarsa Fusae.

Abu ɗaya ne yake fitar da shi da farar riga mai guga, wato majalisar unguwarsu ta haiku, gajeriyar waƙa mai layi uku. Su goma sha ɗaya ne, suna haɗuwa ranar Lahadi ta biyu a kowane wata, a ɗakin taron unguwa. Shugabansu, Malam Kumagai, tsohon hedimasta, yakan zauna a ƙuryar ɗaki, sauran su jeru gwargwadon daɗewarsu a majalisar, har zuwa bakin ƙofa inda sabon shiga yake zama kusa da butar shayi. Teizo shi ne na bakwai. Na shida shi ne Hosoda mai kantin magani, wanda ya riga shi shiga da wata biyu kacal, kuma shekara ashirin da biyar bai bar shi ya manta da haka ba.

Dokar majalisar tsohuwa ce, ita ce kuma Teizo yake ƙauna fiye da waƙar kanta. Kowa yakan rubuta baiti uku, kowanne a guntuwar takarda, babu suna. A tara su a faranti, a cuɗa, a raba, kowa ya kwafe abin da ya faɗo masa a kan babbar takarda da nasa hannun, don kada a gane rubutun mai baiti. Takardun su zaga, kowa ya zaɓi biyar da suka fi shiga ransa, ban da nasa. Sai mai karatu ya karanta waɗanda aka zaɓa. In an karanta naka, ka ɗaga murya ka faɗi sunanka. Wanda ba a zaɓa ba, sunansa ba ya fita. A irin wannan zama malami yana iya tashi babu ko ƙuri'a ɗaya, mai zuba shayi ta kwashe duka, kuma an sha ganin haka a wancan zamani.

Teizo ba gwani ba ne, ya kuma san haka. Wani watan ya sami ƙuri'a ɗaya, wani watan biyu, watanni da yawa ya koma gida ba a ji muryarsa ba. Yakan yi fushi a hanya, ya ce wa Fusae makafi ne suka taru, washegari ya jawo takarda ya fara sabo.

A watan Maris na 1990 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi yana gyaran shingen lambu. Ya tashi daga jinya, amma hannun dama bai tashi tare da shi ba, ƙafar dama kuma sai ja. Ya koya wa hagu riƙon alƙalami, rubutun ya fito kamar kaza ta yi tono. Da shi ya koma majalisa a watan Satumba. A zaman farko ya sami ƙuri'a biyar. A na biyu shida. Ya ɗauka ciwo ne ya buɗe masa ido, har ya faɗa wa Fusae haka, ita kuwa ta ci gaba da wanke shinkafarta.

Amma idon da ya saba bin waya ɗaya a cikin dubu ba ya daɗewa a rufe. Ya lura cewa duk wanda guntuwar takardarsa ta faɗo wa, a layin farko na babbar takarda yake kwafe baitin. Wata uku a jere, baiti tara, duk a layin farko. A watan Mayu sai ya yi gwaji. Ya rubuta baitin banza da gangan, a kan kyanwar da ta ci ta ƙoshi ta kwanta, ba shi da kai ba shi da gindi. Mutum bakwai suka zaɓe shi. Mai karatu, matar likita, ta karanta shi da murya mai rawa, kamar ana karanta wasiyya.

Washegari da hantsi ya ja ƙafarsa har kantin Hosoda, ya jira mai sayen maganin tari ta fita.

"Kai mai daka gari, baitin kyanwa ya burge ka ko?"

"Akwai natsuwa a cikinsa," in ji Hosoda, yana gyara kwalaben da ba sa bukatar gyara.

"Natsuwar me? Ina jiran ruwa ya tafasa na rubuta shi. Dube ni nan. Wa ya ce a riƙa sa nawa a layin farko?"

Hosoda ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce babu wanda ya ce, abin ya zo ne haka nan, kowa ya ga rubutun ya gane mai shi, kuma kowa yana so ya ga ya ci gaba da zuwa. Ya ƙara da cewa, "Ka kusa mutuwa fa, Teizo."

"Na kusa, ban mutu ba. Ku ne kuka binne ni, har da furanni."

Ya fita bai ja ƙofar ba. Ya yi ta juya abin a ransa duk damina. In Fusae ta rubuta masa, sun san hannunta daga katin gaisuwar sabuwar shekara. In ya buga nasa da na'ura, nasa kaɗai ne zai zama bugagge. Ya fasa zuwa zama biyu, ya ce ƙafa ce, sai ga su da kwandon lemo sun zo dubiya, abin da ya ƙara hura masa wuta.

A ɗakin jiran asibitin da ake masa gashin ƙashi ya ga mafita, a cikin wata mujalla ta masu sha'awar kayan lantarki. Mutum zai ajiye kwamfuta a gidansa, ya haɗa ta da layin tarho, ta zama allon saƙonni. Kowa ya kira daga tasa na'urar, ya bar rubutu, ya karanta na wasu. Samari sun cika ƙasar da irin waɗannan alluna, suna hirar babura da wasanni. Abin da ya tsaya wa Teizo a rai shi ne, a kan allon rubutun kowa iri ɗaya ne, mai hannu da marar hannu. A ƙasan shafin akwai adireshin wani malamin makaranta a Toyohashi wanda ya rubuta manhajar kafa allon, yana kuma ba duk mai so. Ƙa'idarsa ita ce a aika masa faifan kwamfuta biyu da babu komai a kansu, da ambulan mai kan sarki ɗauke da adireshin mai nema. Teizo ya aika, ya haɗa da wasiƙar gaisuwa wadda ta ci masa yini guda.

Faya-fayan suka iso a tsakiyar Oktoba, lokacin da Fusae take feraye kanya tana jera su a igiya ƙarƙashin rufin baranda. Surukinsu ya riga ya kawo tsohuwar kwamfutarsa, da modem, wato ɗan akwatin da yake shiga tsakanin kwamfuta da layin tarho. Layi na biyu kuwa Teizo da kansa ya nuna wa masu jawo shi inda za su bi, ya sa suka sake ɗauri biyu.

Zuba manhajar a cikin kwamfuta bai ɗauki minti ashirin ba. Saitin ne ya ci mako uku. Shafi ne mai layi ɗari da arba'in, kowane layi da tambayarsa: sunan allo, saurin layi, ƙara nawa tarho zai yi kafin a ɗauka, ɗakunan hira nawa za a buɗe, wa zai iya rubutu, wa zai iya gogewa. Da yatsa ɗaya na hagu yake bugawa. Inda ake bukatar danna maɓalli biyu tare, sai ya ɗora dalmar kamun kifi a kan ɗaya, ya danna ɗayan. In dalmar ta zame, layin ya cika da shirme, sai ya zage ta, ya zagi wanda ya ƙera maɓallan, ya zagi hannun da yake kwance a cinyarsa kamar baƙo. Fusae tana baranda tana jin komai, wuƙarta ba ta tsaya ba.

Abin da ya fi ba shi kunya shi ne modem. Yana ɗaukar kira, ya yi kukansa kamar na gyare, ya haɗu, amma in mai kira ya tafi ba ya sakin layi. Layi ya maƙale a gidan mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana sakin layukan gari! Ya karanta littafin akwatin sau uku kafin ya gano cewa a ƙarƙashinsa akwai 'yan maɓallai takwas, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma na huɗu ne ya kamata a tura sama. Kwana biyu yana fama da tsinken sakace, akwatin yana zamewa, don babu hannun da zai riƙe shi. Fusae ta ce ya kawo, ya ce ba aikinta ba ne. A rana ta uku ya tura mata akwatin a kan tabarma ba tare da ya dube ta ba. Ta goge hannu, ta tura na huɗun, ta koma kan kanyarta.

Sai babban al'amari, ɓoye suna. A layi na casa'in da bakwai akwai tambayar ko a nuna sunan mai rubutu. Ya ce a'a. Sunan ya ɓace, amma lambar rajistar mutum ta rage a gefe. Ya rubuta wa malamin Toyohashi, amsa ta zo a kati bayan kwana tara, aka ce ya duba layi na ɗari da goma sha biyu. Lambar ma ta ɓace. Ya kashe littafin da yake rubuta wa mai allo wanda ya shiga da wanda ya fita, don shi ma kada ya sani. Fuskar kwamfutar kuwa ya lulluɓe ta da ƙyallen ɗaurin kaya. Ya gwada sau goma sha ɗaya, da rajistar kowane mutum, bai ga inda suna zai yoyo ba.

A zaman Nuwamba ya kawo maganar. Bai faɗi ainihin dalili ba. Ya ce sanyi yana tafe, gwiwar Malam ba ta son dogon zama, kwafe-kwafen nan yana cin sa'a guda. In an aika baitoci ta allo, aka yi zaɓe ta allo, ranar Lahadi sai karatu da shan shayi kawai. Gidaje biyar suna da na'urar buga rubutu mai iya kira, wadda suka saya don katunan sabuwar shekara. Sauran za su yi amfani da ɗaya da za a ajiye a ɗakin taro. Aka dubi Malam Kumagai, ya ce a gwada. Hosoda kaɗai ya gane, ya sunkuyar da kai. Teizo ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, yana haɗa waya, yana koya wa tsofaffi kalmar sirri, yana hana su rubuta ta a jikin na'urar.

Ranar Litinin ta farko a Disamba aka buɗe allo. Layi ɗaya ne, mutum ɗaya yake iya shiga a lokaci guda. Da ƙarfe tara na safe modem ya yi kukansa. Malam Kumagai ne, ya aika baitocinsa uku, ya ɗauki tarho ya sanar da na biyu cewa ya gama. Na biyu ya aika, ya sanar da na uku. Wa zai tare layi Malam bai shiga ba? Da ƙarfe biyu da rabi tarhon gidan Teizo ya yi ƙara, Hosoda ne, ya ce, "Na gama, tsoho, layi naka ne." Teizo ya aika nasa, ya kira ta takwas ya ce mata ta shiga. Bai ji komai a ransa ba, kamar yadda mutum ba ya jin kansa yana cire takalmi a bakin ƙofa.

Ranar Lahadi aka karanta baitinsa a kan hayaƙin gonakin da aka girbe. Mutum takwas suka zaɓe shi. Ya faɗi sunansa da muryar da ya manta yana da ita. A hanyar gida ya tsaya ya sayi wainar wake mai zaƙi guda huɗu, abin da bai taɓa yi ba sai ranar da aka haifi 'yarsu Noriko. Kwana biyu ya yi ba a ji zaginsa ba.

Ranar Laraba bayan abincin rana ya buga jerin baitocin a takarda, ya miƙa wa Fusae, ya ce ta duba ta ga aiki, ko aljani ba zai gane na wane ba. Ta sa tabarau. Ta ɗora yatsa a kan ukun farko ta ce na Malam ne. Ta sauko, ta ce waɗannan na mai gidan wanka ne, waɗannan na matar likita. Ta yi ta sauka uku-uku tana kiran suna, ba ta ko karanta baitocin, har ta zo kan na bakwai.

"Ga naka, Baban Noriko."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba ka ji tarho yana ta ƙara ranar Litinin ba? Yadda kuke zama a ɗaki haka kuka shiga. Ƙirgawa kawai na yi."

Ya karɓi takardar ya dube ta. Na'ura tana jera saƙo yadda ya iso, ba ta da faranti, ba ta cuɗawa. Ya ɓoye suna, ya ɓoye lamba, ya lulluɓe fuska da ƙyalle, sannan ya tsaya a layi kamar kowa ya jira na shida ya gama. An gudu gara an faɗa gidan zago. Da can sai wanda takardarsa ta faɗo wa ne yake ganewa ya ba sauran alama, yanzu kuwa shi da hannunsa ya jera musu komai a fili. Ƙuri'u takwas ɗin nan sadaka ce, ya karɓa, har ya sayi waina a kanta. Ya ɗauki dalmar kamun kifi ya jefa, ta huda ƙofar, wadda ta takarda ce, ta faɗa lambu.

Gidan Malam Kumagai yana kan tudu, tafiyar minti goma ga mai lafiya. Teizo ya yi ta a minti arba'in, ya ƙi a kira masa mota. Ya durƙusa a tabarma yadda ƙafar ta yarda, ya yi gaisuwa cikakkiya, don fushi bai taɓa sa shi tsallake gaisuwa ba. Sannan ya zayyana komai, tun daga layin farko da baitin kyanwa har zuwa ƙirgen Fusae. Ya tambayi Malam ko da saninsa ake yi.

Tsohon, mai shekara tamanin da huɗu, ya daɗe yana juya kofin shayi. Ya ce bai umarci kowa ba, kuma shi bai taɓa zaɓen baitin kyanwa ba. Amma ya ga abin tun watan farko, ya yi shiru.

"Shirun ya fi ciwo, Malam. Hannu na rasa, ban rasa kunya ba. In zaman Janairu ya zama haka, na bar majalisa. Gara in zauna a gida in yi wa bango waƙa, shi dai ba zai tafa mini don tausayi ba."

Ya roƙi Malam ya ba da umarni kowa ya shiga lokacin da ya ga dama, na ƙarshe ya riga na farko. Malam ya girgiza kai.

"Ko na faɗa ba za su iya ba, Shiozawa. Za su ce to, sannan su jira ni. Kai da ka gina abin, ka iya? Je ka gyara na'urarka, kada ka ce za ka gyara mutane. Amma ka san abin da kake nema? Wataƙila ka yi wata shida ba ka ji sunanka ba."

"Na saba."

Wannan karon bai rubuta wa Toyohashi ba. Ya koma shafin saiti ya bi shi layi-layi, kamar yadda yake bin turakun waya bayan guguwa. A layi na sittin da uku ya sami abin da yake nema. An sa shi ne don maganin samari masu zagi: duk saƙon da ya iso sai a tsare shi a ɓoye, ba ya fita kan allo sai mai allo ya kira lambarsa ya sake shi. Ya kunna wannan. Ya sanar da majalisa cewa daga yanzu kowane baiti shi kaɗai za a aiko shi, ba uku a haɗe ba, kuma su shiga yadda suka saba, bai dame shi ba. Sannan ya yi abin da ya fi masa wuya, ya tambayi Fusae da bakinsa ko za ta taimaka. Ta ce sai dai bayan ta gama shara.

Suka shiga a jere kamar da, Malam da ƙarfe tara, Hosoda da biyu da rabi. Ranar Talata da safe Fusae ta yanka takarda talatin da uku, ta rubuta lamba a kowacce, ta zuba a gwangwanin shayi ta girgiza. Teizo ya fita baranda ya ba ɗakin baya. Tana zaro ɗaya, ta buga lambar, baiti ya fita kan allo, ta zaro wata. Ya ji tana ƙorafin cewa maɓallan sun yi ƙanana. Da ta gama ta zuba takardun a murhu.

Zaman Janairu ya zo da ƙanƙara a bakin hanya. Mai karatu, matar likita, ta fara daga masu ƙuri'a ɗaya tana hawa. Aka ji sunan mai gidan wanka, aka ji na Hosoda sau biyu, aka ji na Malam sau ɗaya. Teizo yana zaune, hannunsa a cinya. A ƙarshe aka zo kan wanda ya fi kowanne, ƙuri'a tara, baiti a kan sandar dogarawa da aka jingine a bakin ƙofa ruwa yana dukanta. Matar likita ta karanta shi da muryar nan mai rawa, ta juyo wajen Teizo. Duk ɗakin ya juyo. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bakinsa a rufe.

Daga bakin ƙofa, kusa da butar shayi, wata ƙaramar murya ta ce, "Sumie."

Ta goma sha ɗaya ce, mace mai ƙoshin lafiya, 'yar shekara hamsin da biyar, wadda take zuwa a kan keke. Ta ce sandar surukinta ce ta gani. Babu wanda ya tafa. Mutane suka shiga kallon saƙar tabarma. Sun yi farautar baitin mai ciwo, sun harbi wani.

"Sannunku da aiki," in ji Teizo. "Ke Sumie, baitinki ba shi da laifi, amma ƙuri'a uku ne haƙƙinsa. Sauran shidan nawa ne, sadaka ce ta ɓata hanya. Riƙe su, ba na so."

Hosoda ya fashe da dariya, ya toshe baki, ta ƙi tsayawa. Malam Kumagai ya bari ta lafa, ya ce yana fata kowa ya ga cewa farautar ba ta da amfani, daga yau a zaɓi waƙa. Sannan ya shiga sharhinsa na ƙarshen zama yadda ya saba, har da 'yan baitocin da ba a zaɓa ba. Ya tsaya a kan na goma sha tara, mai maganar turken waya a cikin dusar ƙanƙara. Ya ce hoton yana da kyau, amma mai shi ya cika shi da kaya, layi uku ne ya ɗora musu nauyin biyar, kamar mutumin da yake ihu a cikin ƙaramin ɗaki.

Doka ta ce wanda ba a zaɓa ba ya yi shiru. Teizo ya ce, "Nawa ne."

"To, yanzu na sani," in ji Malam. "Har yanzu ihu yake yi."

Jini ya hau wa Teizo fuska. Ya ce layin tsakiya shi ne ƙashin bayan baitin, in an cire shi turken ya faɗi. Malam ya ce to ya faɗi mana, dusar ta isa. Hosoda ya sa baki ya ce shi ya karanta shi sau biyu ya ɗauka sanarwar ofishin tarho ce. Teizo ya ce wanda ya rubuta baiti biyu a kan wata ɗaya tal da yake sama ba shi da bakin magana. Matar likita, wadda shekara guda da rabi ba ta yi masa magana ba sai da muryar jinya, ta ce gaskiya kalmar ƙarshe ta yi tauri, ba ta shiga kunne. Ya juya kanta. Aka yi minti ashirin ana yi, shayi ya huce, babu wanda ya tuna ya tambaye shi ko ƙafar ta gaji.

Ya dawo gida da yamma yana huci. Fusae ta karɓi rigar sanyinsa ta tambaye shi ƙuri'a nawa. Ya ce babu ko ɗaya, makafi goma ne suka taru, shugabansu kuma ya fi su makanta. Ta ce to, ke nan ya bar majalisar.

"In bar wa wa? Wannan tsohon yana cewa in cire layin tsakiya! Ajiye gwangwanin nan, kada ki zuba shayi a ciki."

Ya wuce ɗakin kwamfuta yana jan ƙafa, ya zauna, ya jawo takarda da hagu. Ya rubuta baitin turken waya ba tare da layin tsakiya ba, don ya nuna wa kansa cewa ba zai tsaya ba. Ya karanta shi sau biyu, ya yi tsaki mai ƙarfi, ya bar shi haka.